Yadda Mabusan Turambon Na Amurka Ke Koyon Ƙirƙirar Busa Nan Take

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin soja ko na 'yan sanda, ba zai rasa ganin wani abin busa na tagulla mai dogon bututu ba, wanda mabushinsa ke ja yana turawa da hannun dama kamar mai zuga a maƙera. Sunan wannan abin busa turambon. A filin fareti aikinsa bai wuce bin abin da aka rubuta a takarda ba, domin 'yan badujala ba su da ikon ƙari ko ragi a kan abin da shugabansu ya ɗora musu. Amma a ƙasar Amurka, tun farkon ƙarni na 20, baƙaƙen fata suka ɗauki wannan abin busa suka ba shi wani aiki dabam a cikin kiɗe-kiɗensu da ake kira buluz da jaz. A can mabushi yakan miƙe shi kaɗai a gaban jama'a, babu takarda a gabansa, sauran makaɗa suna riƙe masa kiɗa, ya yi ta zuba busar da ba a taɓa ji ba. Ko gobe aka ce ya maimaita ta, ba za ta fito daidai da ta yau ba.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan baiwa ce kurum da ake haihuwar mutum da ita. Tarihin manyan mabusan turambon ya nuna akasin haka. Ƙirƙirar busa nan take ilmi ne da ake koyo, yana da ƙa'idodi da matakai, kuma hanyar koyonsa ta fi kama da yadda yaro ke koyon harshen uwarsa. Yakan ji, ya kwaikwaya, ya yi ta tuntuɓen harshe, har ranar da zai buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa da kalmomin da ya tsinta a bakin manya.

ABIN BUSA MARAR MADANNI

Kalmar turambon daga harshen Italiya ta fito, ma'anarta kuwa babban ƙaho. Tun ƙarni na 15 ake busa kakansa a fadodi da majami'un ƙasashen Turai. Idan aka warware bututunsa aka miƙe shi, tsawonsa ya kai kimanin ƙafa 9. Ba shi da ƙofofi irin na algaita, ba shi kuma da madannai irin na ƙahon da ake kira turampet. Kakaki da begila ma haka suke, leɓen mabushi kaɗai ke sauya musu sauti, shi ya sa sautukansu ba su da yawa. Abin da turambon ya fi su da shi shi ne bututun ja. Idan mabushi ya tura shi waje, hanyar iska ta ƙara tsawo, sai sauti ya yi ƙasa. Idan ya jawo shi, sai sauti ya yi sama.

A kan wannan bututu akwai zango 7, kowane zango yana sauke sauti da rabin taki, kuma tsakanin zango na ɗaya da na bakwai akwai tazarar kimanin ƙafa biyu. Babu wata alama da aka zana a jikin ƙarfen da za ta nuna wa mabushi inda zai tsaya. Mai kaɗa fiyano idan ya danna madanni daidai, sauti ya fito daidai ko da shi kurma ne. Mabushin turambon kuwa, kamar mai goge, kunnensa ne kaɗai jagoransa. Wannan shi ne wahalar abin, shi ne kuma arzikinsa, domin yana iya tsayawa a tsakanin sauti biyu, ya lanƙwasa murya, ya ja ta sama ko ƙasa ba tare da yankewa ba, kamar yadda maƙogwaron ɗan Adam ke yi. Kiɗan buluz kuwa a kan wannan lanƙwasa aka gina shi.

GAƁA GOMA SHA BIYU

Buluz waƙa ce ta baƙaƙen fatan kudancin Amurka, wadda ta tsiro a cikin 'ya'ya da jikokin bayi bayan an haramta bauta a 1865. Tushenta waƙoƙin noma ne da kirarin gona da waƙoƙin ibada. Wani Bature ɗan Ingila, Paul Oliver, a littafin da ya wallafa a 1970, da kuma Gerhard Kubik na ƙasar Ostiriya a nasa littafin na 1999, sun kawo hujjoji cewa salon rera buluz ya fi kusa da na ƙasashen sarari na Afirka ta Yamma, inda ake kaɗa goge da garaya, fiye da na ƙasashen kurmi masu manyan ganguna. Kubik har ya kwatanta waƙar wani mai goge Bahaushe da ya ɗauka a Kamaru da ta wani mawaƙin buluz na jihar Mississippi.

Sa'ad da aka fara buga buluz a takarda, alal misali waƙoƙin W. C. Handy na 1912 da 1914, siffarta ta riga ta fara zama guda. Zagaye ɗaya na buluz gaɓa 12 ne, kowace gaɓa tana da bugu huɗu, watau bugu 48 ke nan. Mawaƙi yakan rera layi ɗaya a gaɓoɓi huɗu na farko, ya maimaita shi a huɗu na biyu, sa'an nan ya kawo layin da zai warware maganar a huɗu na ƙarshe. A ƙarƙashin waƙar masu fiyano da jita suna buga abin da za a iya kira damin sauti, watau sauti uku ko huɗu da ake bugawa a lokaci guda. Dami uku ne kacal a buluz na asali. Na farko shi ne gida, ana zama a kansa gaɓa huɗu. A gaɓa ta biyar a koma na biyu a yi gaɓa biyu, a dawo gida a yi biyu. A gaɓa ta tara a hau na uku, a ta goma a sauko na biyu, kana a ƙarasa a gida.

Wannan tsari shi ne abu na farko da ɗalibi zai haddace, ba da ka kaɗai ba, har da jiki, ta yadda ko ana hira da shi kiɗa na tafiya zai san gaɓar da ake ciki. Duk 'yancin da mabushi ke da shi a cikin wannan shinge yake. Mai sauraron waƙar baka ta Hausa ba zai yi mamakin haka ba, domin ya saba jin amshi yana nan daram, ana komawa gare shi, alhali makaɗi yana saƙa sababbin ɗiya gwargwadon wanda ya shigo fage.

KUNNE KAFIN TAKARDA

Mabusan farko ba a aji suka koyi sana'arsu ba. Edward Ory, wanda aka fi sani da Kid Ory, an haife shi a 1886 a wata gonar rake kusa da birnin New Orleans, kuma da kayan kiɗan da ya harhaɗa da hannunsa ya fara tun yana yaro. A zamaninsa akan ɗora makaɗa a kan keken doki su zaga gari suna tallar wasa, sai a ajiye mai turambon a can baya, yana fuskantar waje, don kada bututunsa ya zunguri abokansa. Daga nan aka samu salon da Ory ya shahara da shi, na gurnani da jan murya mai kauri wadda ke cike giɓin da sauran mabusa suka bari. A 1922 ƙungiyarsa ta zama ta farko cikin ƙungiyoyin jaz na baƙaƙen fatan New Orleans da aka ɗauka a faifai, a birnin Los Angeles. Daga 1925 kuma ya shiga faya-fayan da Louis Armstrong ya yi a Chicago, waɗanda har yau ɗalibai ke komawa gare su.

Zuwan faifan garmaho ya sauya hanyar koyo ƙwarai. Yaron da ke nesa da New Orleans ya samu malamin da ba ya gajiya da maimaici. Sai ya ɗora allura, ya saurari gaɓa biyu, ya ɗaga, ya rera su da baki, ya neme su a kan bututu, ya sake ɗorawa, har faifan ya cinye. Malaman jaz na yau ba su sami abin da ya fi wannan ba. Sukan umurci ɗalibi ya zaɓi busar wani gwani guda ɗaya, ya saurare ta har ya iya rera ta daga farko zuwa ƙarshe, sa'an nan ya ɗauki turambon. Rubuta ta a takarda shi ne na ƙarshe, idan ma za a rubuta. Dalili kuwa shi ne, takarda tana iya nuna sunan sauti, amma ba ta iya nuna yadda gwani ya shiga sautin, da inda ya ɗan jinkirta, da yadda ya sake shi.

Ba mabusa kaɗai ake kwaikwayo ba, har da mawaƙa. A wani faifai na 1928 mai suna Empty Bed Blues, shahararriyar zabiya Bessie Smith tana rera layi, mai turambon Charlie Green yana mayar mata da amsa, kamar mutum biyu suna zance. Joe Nanton, wanda ya shiga ƙungiyar Duke Ellington a 1926 ya zauna a cikinta har rasuwarsa a 1946, shi ya kai wannan kwaikwayon murya matuƙa. Yakan cusa ɗan ƙaramin matoshi a bakin ƙahon, kana ya riƙe ƙoƙon robar nan da ake buɗe toshewar bututun banɗaki da shi, yana rufewa yana buɗewa, sai turambon ya riƙa fitar da sauti kamar mutum na magana ko yana kuka.

Wani gwanin turampet mai suna Clark Terry, wanda ya rasu a 2015 bayan ya shafe shekaru yana koyar da matasa, an san shi da taƙaita hanyar a matakai uku: a kwaikwaya, a narkar da abin da aka kwaikwaya har ya zama jinin jiki, sa'an nan a ƙirƙiro. Wanda ya tsallake na farko ba shi da abin faɗi. Wanda kuma ya tsaya a nan bai wuce aku ba, domin kama da wane ba ta wane.

MATAKAN FARKO

Turawa suna kiran sautuka da haruffa daga A zuwa G, alamar ♭ kuwa tana nufin an sauke sauti da rabin taki. A kan B♭ aka gina turambon, saboda haka buluz na B♭ shi ne ƙofar shiga ga yawancin ɗalibai. Tsanin sautin buluz matakala shida ne, watau B♭, D♭, E♭, E, F da A♭. Abin farin ciki ga mai koyo shi ne, a tsakiyar muryar turambon duk waɗannan shida suna cikin zango uku na farko: B♭ da F a na ɗaya, D♭ da E a na biyu, E♭ da A♭ a na uku. Ke nan hannu ba ya tafiya da nisa, hankali sai ya koma ga abin da ake son faɗi.

Duk da haka malami mai hikima ba ya sakar wa ɗalibi sautukan shida gaba ɗaya. Yakan ce masa ya busa zagaye guda cur da sauti ɗaya tak. A nan ɗalibi ke gane cewa rabin maganar ba a sauti take ba, a lokaci take, watau inda aka shiga, da inda aka tsaya, da yadda aka karkasa bugu. A jaz ba a raba bugu gida biyu daidai wa daida. Rabin farko yakan fi na biyu tsawo, abin da ke ba kiɗan wani irin rangaji, kuma ƙarfin yakan faɗa a bugu na biyu da na huɗu. Bayan sauti ɗaya sai a ƙara na biyu, sai na uku.

Mataki na gaba shi ne gina magana a kan siffar waƙar kanta. Ɗalibi ya busa gajeriyar jimla a gaɓoɓi huɗu na farko, ya maimaita ta a huɗu na biyu, ya ba ta amsa a huɗu na ƙarshe. Masu koyo sukan ji kunyar maimaici, suna ganin alamar ƙarancin basira ne, alhali kuwa shi ne ke sa mai sauraro ya kama zaren zance. Haka kuma sukan ji tsoron yin shiru. Amma turambon yana shan iska da yawa, dole mabushi ya numfasa, kuma wannan tilas ta zama rahama, domin shirun da ke tsakanin jimloli shi ne ke ba mai ganga da mai fiyano damar mayar da martani.

Daga nan sai a shiga bin damin sauti. A buluz na B♭, sautin D yana cikin dami na farko, D♭ yana cikin na biyu, E♭ kuma yana cikin na uku. Idan mabushi ya riƙe D a zango na ɗaya har gaɓa huɗu, ya zame zuwa D♭ a zango na biyu a gaɓa ta biyar, ya dawo D a ta bakwai, ya je E♭ a zango na uku a ta tara, to ko da babu fiyano mai sauraro zai ji buluz yana juyawa. Motsin 'yan inci kaɗan ne, amma shi ne ya raba mai yawo a kan tsani ido rufe da wanda ya san inda kiɗa ya dosa.

Saura aikin harshe. Da yake bututun ja ba ya tsalle, sai dai ya bi ta kan duk sautukan da ke tsakani, in mabushi bai yanke iska da harshe daidai lokacin da hannu ke tafiya ba, busarsa za ta zama jan murya marar fasali. Saboda haka akan shafe watanni ana daidaita harshe da hannu. Akan kuma koyi cewa sauti guda yana iya samuwa a zango fiye da ɗaya, alal misali wani F yana nan a na ɗaya yana kuma nan a na shida, sai a zaɓi mafi kusa. Jack Teagarden, mutumin Texas da aka haifa a 1905, ya fara busa tun hannunsa bai isa zangunan nesa ba, sai ya koyi nemo sautuka a kusa da taimakon leɓe. Wannan dabarar ƙuruciya ita ta ba shi busa mai santsi da ta sa ya zama ɗaya daga cikin gwanayen buluz, har Armstrong ya ɗauke shi a ƙungiyarsa a 1947.

RANAR DA TURAMBON YA KUSA RASA GURBI

A farkon shekarun 1940 wani sabon salon jaz da ake kira bibop ya ɓullo a unguwar Harlem ta birnin New York, a hannun Charlie Parker mai busa sakzafon da Dizzy Gillespie mai turampet. Kiɗa ne mai tsananin sauri, damin sauti yana sauyawa sau biyu a gaɓa guda. Masu madannai yatsa kawai suke motsawa, mai turambon kuwa sai ya kai hannu ya dawo. Mutane da yawa suka yanke cewa zamanin turambon a jaz ya wuce.

Wanda ya ƙaryata su shi ne J. J. Johnson, haifaffen Indianapolis a 1924. Ya yi aiki a ƙungiyar Benny Carter daga 1942, sa'an nan ta Count Basie daga 1945, kuma wanda ya fi tasiri a kunnensa ba mai turambon ba ne, Lester Young ne mai sakzafon. Johnson ya rage gurnani da jan murya da karkarwar sauti, ya tsabtace aikin harshe, ya yi nazarin zanguna har ya gano gajeriyar hanya zuwa kowane sauti. Da faya-fayansa na farko suka fito a 1946, wasu masu sauraro suka rantse cewa turambon mai madannai yake busawa. Amma gwaninta ba ta hana shi shan wuya ba. Daga 1952 zuwa 1954 kasuwar kiɗa ta yi masa ƙunci, har ya kama aikin duba zanen injuna a wani kamfani, kafin ya dawo ya haɗa gwiwa da Kai Winding su kafa ƙungiya mai turambon biyu wadda ta karɓu ƙwarai.

Abin lura a busar Johnson shi ne, duk da saurinsa ba ya ɓarnar sauti. Yakan ɗauki 'yar jimla ya juya ta, ya ɗaga ta, ya sauke ta, kamar mai gini yana jera tubali. Shi ya sa malamai ke ba ɗalibai busarsa su kwaikwaya. Haka nan busar Curtis Fuller na Detroit a faifan John Coltrane mai suna Blue Train na 1957, wadda ita ma a kan buluz mai gaɓa 12 aka yi ta. Wannan ya nuna cewa ko da jaz ya yi zurfi, bai rabu da tushensa ba.

FAGEN GWAJI

Ba a gama koyo a ɗaki. Makarantar gaskiya ta mabusan jaz ita ce zaman dare, inda makaɗa ke taruwa bayan an tashi daga aiki, a ɗauko waƙar da kowa ya sani, kowa ya karɓi zagayensa. A nan babu sani babu sabo. Charlie Parker kansa, yana saurayi a Kansas City a tsakiyar shekarun 1930, ya shiga irin wannan zama ya ɓace a tsakiyar waƙa, sai mai ganga Jo Jones ya cire faifan tagullarsa ya jefa a gabansa, aka yi masa dariya ya sauka. Bai bar busa ba. A wata hira ta rediyo a 1954 ya bayyana cewa ya yi shekara uku zuwa huɗu yana gwaji na awa 11 zuwa 15 kowace rana.

Wannan fage bai buɗe wa kowa daidai ba. Melba Liston, wadda aka haifa a Kansas City a 1926, ta zaɓi turambon tana da shekara 7, tana shekara 8 kuma aka ji busarta a rediyo. Ta zauna a sahun maza a manyan ƙungiyoyi a zamanin da ba a saba ganin mace a wurin ba. Ta bi zabiya Billie Holiday rangadi a jihohin kudu, inda wariyar launin fata da rashin kuɗi suka gallabe su, har ta ajiye busa ta kama aikin ofis na wasu shekaru. Ta dawo ta shiga babbar ƙungiyar Gillespie, suka zaga Gabas ta Tsakiya da Kudancin Amurka a 1956. Ita ce kuma ta tsara kiɗan faifan Uhuru Afrika na 1960, wanda Randy Weston ya yi don murnar samun 'yancin ƙasashen Afirka, shekara guda kafin ya ziyarci Ikko.

DAGA ZAMAN DARE ZUWA JAMI'A

Sannu a hankali wannan ilmi ya shiga makaranta. A 1947 wata kwaleji a arewacin Texas ta fara ba da digiri a wannan fanni. David Baker, shi ma mabushin turambon ne ɗan Indianapolis, raunin da ya samu a muƙamuƙi a haɗarin mota ya tilasta masa ajiye turambon a farkon shekarun 1960. Sai ya juya ga koyarwa, ya kafa sashen nazarin jaz a Jami'ar Indiana a 1968, ya wallafa littafi a kan ƙirƙirar busa a 1969. A 1967 kuma Jamey Aebersold ya fara fitar da faya-fayan da aka ɗauki masu fiyano da ganga da babban goge kaɗai, aka bar gurbin mabushi, domin ɗalibi ya samu abokan gwaji a ɗakinsa. Jerin nan ya haura kundi 100.

Wannan ci gaba ya zo da muhawara. Tsofaffin makaɗa sun yi ƙorafin cewa makaranta tana fitar da matasa masu sanin kowane tsani da kowane dami, amma busarsu duk iri ɗaya, alhali a da ana jin sauti biyu a san ko Teagarden ne ko Nanton. Malaman jami'a kuma suka amsa da cewa gidajen wasan da ake koyo a cikinsu sun ragu, in ba a killace ilmin a aji ba zai salwanta. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma makarantu masu kyau sun koma haɗa biyun, littafi da safe, kunne da zaman gwaji da dare.

Masu binciken ƙwaƙwalwa ma sun sa baki. A 2008 Charles Limb da Allen Braun suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa gwanayen fiyano shida a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Sun gano cewa sa'ad da makaɗi ke ƙirƙira nan take, sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke sa ido yana tuhumar abin da mutum ke yi yakan lafa, wani sashe kuma da ake dangantawa da bayyana kai yakan ƙara aiki. Wannan ya yi daidai da abin da makaɗa suka daɗe suna faɗa wa almajiransu, cewa a yi tunani a ɗakin gwaji, in an hau fage a saki jiki. Sai dai ba a sakin jiki sai da guzuri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA YA SAUYA DA WANDA BAI SAUYA BA

A yau ɗalibi yana iya rage saurin kowace busa a wayarsa ba tare da muryarta ta lalace ba, abin da mutanen zamanin garmaho ba su samu ba. Tun 2012 kuma ake bikin ranar jaz ta duniya kowace 30 ga Afrilu, bisa shawarar hukumar UNESCO. A New Orleans kuwa tsohuwar hanya tana nan da ranta. Troy Andrews, wanda aka haifa a 1986 a unguwar Treme, ya fara bin 'yan badujalar titi yana ɗan shekara huɗu, turambon ya fi shi tsawo, abin da ya jawo masa laƙabin Trombone Shorty. Da ya shahara sai ya kafa gidauniya mai koyar da yaran birnin.

Ɗalibin da ke shirin jarrabawa da ma'aikacin da za a iya tsayarwa a gaban taro ba shiri suna da abin ɗauka a nan. Mabushin turambon ya haddace abubuwa da yawa, amma bai haddace su don ya mayar da su yadda ya karɓa ba. Ya haddace su ne don ranar da kiɗa zai juya ta inda bai zata ba, ya samu abin amsawa. Wanda ya tsaya ga hadda kaɗai, da an sauya masa tambaya sai ya daburce. Wanda kuma ya raina hadda ya dogara ga baiwa, zagaye biyu zai yi maganarsa ta ƙare. Daga Kid Ory zuwa J. J. Johnson, babu gwani ɗaya da ya tsallake shekarun sauraro da kwaikwayo da gwaji, kuma babu ɗaya da aka riƙa tunawa da shi sai bayan da ya samu muryar da ba ta kowa ba ce sai tasa.